Daga Kangon Masana'anta Zuwa Sabuwar Unguwa: Da Me Ake Auna Ɗorewar Aikin?



  

Batun da aka ɗora mini a wannan taro shi ne filayen da masana'antu suka mutu suka bari: tsohuwar masaƙa, tsohuwar majema, wurin narka ƙarfe da ciyawa ta cinye, ma'ajiyar mai da tankunanta suka yi tsatsa. Irin waɗannan filaye kowa na zawarcinsu, kuma da dalili. Galibi cikin gari suke, ga titi, ga lantarki, ga bututun ruwa, wani lokaci har da layin dogo. Kowane gida da aka gina a kansu, wani yanki ne na gona aka bar wa manomi a bayan gari. Shi ya sa da zarar an ce za a rushe kangon kamfani a yi gidaje ko kasuwa, sai ka ji hukuma da 'yan kwangila suna cewa aiki ne mai ɗorewa, mai kare muhalli. To, da me aka auna? Wa ya yi awon?

Abin da zan tsaya a kai shi ne, kyan sakamakon ya danganta da inda aka ja wa lissafin iyaka. In aka tsayar da shi a bakin katangar filin, kuma a ranar bikin buɗewa, kusan kowane aiki zai ci jarrabawa. In kuwa aka bi gubar zuwa inda ta koma, aka bi mutanen da aka tayar zuwa inda suka sauka, aka dawo bayan shekara talatin aka leƙa, labari yakan sha bamban. Zan fi daɗewa a kan filin wasannin Olamfik na Landan na 2012, domin shi aka fi yi wa kirari a wannan fanni.

1. Me ke cikin ƙasar, kuma ta ina zai kai ga mutum?

A birnin Niagara Falls na jihar New York a Amurka akwai wani dogon rami da aka soma haƙawa a shekarun 1890 don magudanar ruwa, aka watsar da aikin. Sunansa Love Canal. Daga 1942 zuwa 1953 kamfanin Hooker Chemical ya juye sharar sinadarai kimanin tan 21,000 a cikinsa, ya rufe da yumɓu, sannan ya sayar wa hukumar ilimin birnin filin a kan dala ɗaya. Dala ɗaya tak. A takardar cinikin kamfanin ya rubuta cewa akwai shara a binne, kuma ba ruwansa da abin da zai biyo baya. Duk da haka aka gina makarantar firamare, ta buɗe a 1955, gidaje suka kewaye ta. Da aka sami shekarun ruwa da dusar ƙanƙara masu yawa a ƙarshen shekarun 1970, sai wani baƙin ruwa mai wari ya riƙa tsattsafowa cikin ɗakunan ƙarƙashin ƙasa, ganguna suka riƙa ɓullowa a bayan gidaje. Matan unguwar suka tashi haiƙan, Lois Gibbs na gaba. A 1978 Shugaba Jimmy Carter ya ayyana dokar ta-ɓaci, daga ƙarshe aka kwashe iyalai fiye da 800. A 1980 Amurka ta kafa dokar da ake kira Superfund, wadda ta ɗora kuɗin gyara a wuyan wanda ya yi ɓarnar.

Daga irin wannan masifa masana suka fitar da tambayoyi uku da ake fara yi wa kowane fili. Mece ce gubar, kuma a ina take? Wace hanya za ta bi? Wa za ta riska? Hanyar na iya zama ƙurar da ake shaƙa, ko ruwan rijiya, ko alayyahun da ya tsotso ta daga ƙasa, ko hannun yaro mai rarrafe da ba ya rabuwa da baki. In aka yanke ɗaya daga cikin ukun, haɗarin ya ragu. Saboda haka ƙasar da za ta wuce gwaji in tashar manyan motoci za a yi a malale da kankare, ita ce za ta faɗi in gidan renon yara za a yi.

Mutanen Holan ba su yarda da wannan sassauci ba da farko. A 1980 aka gano cewa wata sabuwar unguwa a garin Lekkerkerk a kan gangunan sinadarai take zaune, aka fitar da mutane daga gidaje kusan 270, aka tone har ƙarƙashin harsashi. Abin ya girgiza ƙasar, sai gwamnati ta ce daga yanzu duk filin da za a gyara sai an mayar da shi yadda zai dace da komai, ko gona, ko gida, ko makaranta. Da suka ƙirga yawan filayen suka buga lissafin kuɗin, sai suka ga ba ranar gamawa. A 1997 suka sauya, suka koma gyara fili daidai da abin da za a yi a kansa. Birtaniya ma a kan wannan take. Hikima ce, amma ku riƙe wannan a zuciya: filin da aka gyara don tashar mota kaɗai, dole wani ya riƙa tunawa har abada cewa don tashar mota aka gyara shi.

Kafin duk wannan akwai awon farko, wato yadda aka tarar da wurin. In ba a rubuta shi ba, duk wani iƙirarin ci gaba daga baya zance ne kawai. Ana haƙa ramukan gwaji, ana ɗebo ƙasa da ruwa a kai ɗakin bincike, ana duba tsofaffin taswirori. Ni kuma zan ƙara da cewa a nemi tsofaffin ma'aikata. Leburan da ya shekara ashirin a kamfani ya san kusurwar da ake juye ganguna da dare, abin da ba manajan da ya taɓa rubutawa.

2. Ina gubar ta koma?

Wannan ita ce tambayar da aka fi tsallakewa. Mai da man dizal ƙwayoyin halitta na iya cinye su a hankali. Amma dalma, kuromiyom, kadmiyom da asenik ba sa ruɓewa, ba sa ƙonewa su ƙare. Duk wanda ya ce ya tsabtace fili daga dalma, a tambaye shi inda ya kai ta.

Garin Corby a tsakiyar Ingila da masana'antar ƙarfe ya tashi. Da aka rufe ta a 1980, mutum wajen 10,000 suka rasa aiki, ƙaramar hukumar garin ta ɗauki aniyar share filin don jawo sababbin kamfanoni. Niyya mai kyau. Daga tsakiyar shekarun 1980 har zuwa ƙarshen shekarun 1990, tifofi suka yi ta jigilar gurɓatacciyar ƙasa da taɓo zuwa wani tsohon ramin haƙar ma'adinai, suna ratsa titunan gari, da yawa ba tamfol a kansu, tayoyinsu ba a wanke su yadda ya kamata ba. Taɓon ya zube a titi, ya bushe, ya zama ƙura, iska ta raba wa kowa. Sai aka soma haihuwar yara da naƙasa a hannu da ƙafa, wasu ba yatsu. Iyalan yara 18 suka kai ƙara. A watan Yulin 2009 Babbar Kotu a Landan ta yanke cewa hukumar ta yi sakaci, kuma ƙurar da mata masu ciki suka shaƙa na iya jawo irin wannan naƙasa. A 2010 aka sasanta aka biya diyya.

Jama'a, da a ce awon Corby a cikin katangar filin aka yi shi, da sakamakon ya yi kyau ƙwarai. Ƙasa ta fita, fili ya samu, kamfanoni sun zo. Ɓarnar duk a kan titi ta auku.

Yanzu mu je Landan. Ranar 6 ga Yulin 2005 aka ba birnin damar ɗaukar nauyin wasannin Olamfik, wurin da aka zaɓa kuwa shi ne kwarin kogin Lea a unguwar Stratford, fili mai faɗin murabba'in kilomita biyu da rabi. Fiye da shekara ɗari nan ne bayan gidan Landan: masana'antun sinadarai, na fenti, na sabulu, wuraren gyaran jiragen ƙasa, juji, har da wani tsibin tsofaffin firji da ya yi suna saboda tsayinsa. Ƙasar ta sha mai, kwalta, dalma, asenik da sayanayid.

Hanya mafi sauƙi ita ce ta Corby: a tone, a loda, a kai wani wuri. Masu aikin suka ƙi. Suka kafa abin da suka kira asibitin ƙasa a cikin filin, da manyan injunan wanki guda biyar. Tifa za ta juye ƙasa, a tace duwatsu da ƙarafa, a watsa mata ruwa, a girgiza, a bi da ita ta rariya kala-kala. Sirrin shi ne guba ta fi manne wa laka mai laushi. Tsakuwa da yashi sai su fito fes a gefe guda, a gwada su, a mayar da su aikin cike. Lakar da ta kwashe gubar a matse ta, ta fito kamar ƙuli, ita kaɗai ake fitarwa zuwa juji na musamman. Ƙasar da mai ya jiƙa kuma sai a tara ta kunya-kunya, a riƙa juyawa tana shan iska har ƙwayoyin halitta su cinye man. Wata kuma a gauraya ta da siminti don a ɗaure gubar kada ruwa ya tafi da ita. Ƙasa kusan tan miliyan biyu ta bi ta wannan hanya, fiye da kashi 80 cikin ɗari aka sake amfani da ita a wurin. Gine-gine fiye da 200 aka rushe, an sa burin sake amfani da kashi 90 na ɓaraguzansu, aka kai 98.

Waɗannan alƙaluma na gaskiya ne, kuma sun cancanci yabo. Kowace tifar da ba ta fita ba, dizal ne da ba a ƙona ba, ƙura ce da ba ta shiga unguwa ba, kuma haɗarin mota ne da aka kauce wa. Sai dai a lura da abin da suke aunawa: yawan ƙasar da ta motsa. Ba su ce komai a kan wanda zai zauna a wurin ba.

3. Sikeli mai kwano uku, da hannun da ke riƙe da shi

Tun rahoton kwamitin Brundtland na Majalisar Ɗinkin Duniya a 1987 aka saba kallon ɗorewa ta fuska uku: muhalli, jama'a da tattalin arziki. A Birtaniya wata ƙungiyar masana da ake kira SuRF-UK, wadda aka kafa a 2007, ta fitar da tsarin aiki a 2010, daga baya ta tsayar da ma'aunai 15, biyar a kowace fuska. Ɓangaren muhalli ya ƙunshi hayaƙi, lafiyar ƙasa, ruwa, tsirrai da dabbobi, da albarkatun da aka ci da sharar da aka fitar. Ɓangaren jama'a ya haɗa da lafiyar ma'aikata da maƙwabta, adalci, da ko an saurari mutanen wurin. Na kuɗi kuwa bai tsaya a kan kuɗin kwangila ba, ya duba ayyukan yi da tsawon ran aikin. A 2017 hukumar ma'aunai ta duniya ta fitar da ISO 18504 a kan wannan turba.

Amfanin tsarin shi ne yana tilasta kwatanta zaɓi da zaɓi. A tone a kwashe? A wanke a wurin? A rufe da kankare? Ko a bar wurin kusan yadda yake? Wannan na ƙarshe ba wasa ba ne. A Duisburg ta Jamus, masana'antar narka ƙarfe ta Thyssen ta tsaya a 1985. Maimakon a rushe, mai zanen lambuna Peter Latz ya bar murhunan a tsaye, aka killace ƙasar da ta fi muni cikin tsofaffin rumbunan kankare aka yi lambu a sama, tankin gas aka cika shi da ruwa ya zama wurin koyon nutso. Fili ne mai hekta kusan 180, kuma jama'a na tururuwa zuwa can. An kashe kuɗi kaɗan, an motsa ƙasa kaɗan, domin ba unguwar zama za a gina a wurin ba.

Matsalar tana wurin haɗa maki. In zaɓi ɗaya ya fi arha amma ya fi ƙura, ɗayan ya fi tsada amma ya fi tsabta, sai an ce ƙura nauyinta kaza, kuɗi nauyinsa kaza. Wannan nauyi ba daga ɗakin bincike yake fitowa ba, mutane ne ke zama su yanke. Duk wanda ya taɓa awon hatsi a kasuwa ya san mudu ɗaya ne, amma mai saye tozo yake so, mai sayarwa kuwa shafewa yake yi. In mai filin da ɗan kwangilarsa ne kaɗai suka raba nauyin, kada a yi mamaki in zaɓin da ya fi musu arha ya zo na ɗaya, da jadawali mai launi da lambobi har da ɗigo. Shi ya sa ni, in an miƙo mini irin wannan rahoto, kafin in duba makin ƙarshe sai na nemi sunayen waɗanda suka zauna a teburin.

4. Mutanen da aka tarar a wurin

An yi ta kwatanta kwarin Lea da kufai, amma ba kowa ya yarda ba. Akwai kamfanoni da ƙananan masana'antu fiye da 200 a wurin, masu ma'aikata kusan 5,000, duk aka karɓe filayensu da ƙarfin doka. Akwai rukunin gidajen haɗin gwiwa na Clays Lane, mai mutum fiye da 400 da ke biyan haya mai rahusa, aka rushe shi a 2007, mazauna suka warwatsu. Akwai 'yan lambunan Manor Garden, inda talakawan gabashin Landan suka daɗe suna noma kayan miya, su ma aka tashe su.

Me aka samu a madadin? Masaukin 'yan wasa ya zama unguwar East Village mai gidaje 2,818. Daga ciki 1,379 aka ware a matsayin masu sauƙin kuɗi, amma 675 ne kaɗai ke kan hayar da talaka na sosai zai iya biya. Gidajen da ba a ware ba kuwa an sayar wa kamfanin Qatari Diar da abokin hulɗarsa Delancey a kan fam miliyan 557. Babban filin wasan an kashe fiye da fam miliyan 300 wajen sauya masa fasali, aka ba ƙungiyar ƙwallon ƙafa ta West Ham haya ta shekara 99 a kan fam miliyan biyu da rabi a shekara, ta koma can a 2016. Ƙaramar hukumar Newham, mai masaukin wasannin, har yau tana sahun gaba a Ingila wajen yawan iyalan da ke zaune a matsugunin wucin gadi.

Ba ina cewa aikin banza ne ba. Kogin ya gyaru, an binne wayoyin lantarki an cire dogayen turaku 52, yara na wasa inda a da ko kare ba ya son bi. Amma in an ce kuɗin shigar mazauna unguwa ya ƙaru, wace unguwa ake nufi? Mutanen da ne suka samu, ko kuwa masu hali ne suka shigo suka maye gurbinsu? Alƙalamin zai nuna abu ɗaya a duka biyun. Hanyar rarrabewa guda ce, a rubuta mutanen da aka tarar tun ranar farko, a bi sawunsu bayan shekara biyar da goma: ina suke, nawa suke biyan haya, aikin ya bi su ko ya tsaya?

5. Wa zai tuna bayan shekara talatin?

Ƙarƙashin ciyawar filin Olamfik, in ka haƙa kamar santimita 60, za ka ci karo da wata shimfiɗa mai ruwan lemo. Sama da ita ƙasa ce mai tsabta da aka zuba. Ƙasa da ita kuwa ba a yi alkawarin komai ba. Alama ce ga duk mai haƙa cewa ya tsaya ya nemi izini. A wani ɓangaren ma an binne dubban tan na ƙasa mai ɗan tururin nukiliya, ragowar tsofaffin masana'antu, cikin rami na musamman. Tsarin zai yi aiki muddin akwai ofishin da ke riƙe da taswira, akwai kuma mai hana haƙa. Ku tuna, a Love Canal ma an rubuta gargaɗi a takarda.

Darasi mafi ɗaci a kan wannan a gidanmu yake. A 2010 likitocin ƙungiyar agaji ta MSF suka lura yara na mutuwa ba ƙaƙƙautawa a ƙauyukan Anka da Bukkuyum a Zamfara. Dutsen zinariya da ake dakawa da niƙawa a tsakar gida cike yake da dalma. Aƙalla yara 400 suka rasu. A wasu gidaje dalmar da ke cikin ƙasa ta haura kashi 100,000 cikin miliyan, alhali iyakar da Amurka ta sa wa wurin wasan yara a lokacin 400 ce. Dalmar da ke jinin yara da yawa ta wuce iyakar abin da na'urar gwajin tafi-da-gidanka ke iya karantawa. Likitoci suka ce ba amfanin ba yaro magani ya koma ya zauna a kan ƙasar da ta sa masa cutar, sai an fara gyara gida. Da taimakon masana muhalli na TerraGraphics da Blacksmith Institute, matasan ƙauyukan suka kankare saman ƙasa da fartanya, suka ɗura a buhuna, aka binne a ramukan da aka tanada, aka zubo sabuwa, ana bi da wata 'yar na'ura ta hannu ana auna kowane tsakar gida. Dareta, Abare da 'Yargalma na cikin na farko. Bagega sai a 2013, bayan matasa sun matsa wa gwamnatin tarayya lamba ta saki kuɗi. Mutuwar yara ta ragu ƙwarai. Amma inda aka koma shigo da dutse cikin gida, dalma ta dawo, domin zinariya na kawo abin da gero ba ya kawowa. A 2015 kuma abin ya sake ɓulla a Shikira ta jihar Neja.

A Zamfara ma'aunin gaskiya shi ne dalmar da ke cikin jinin yara, shekara bayan shekara. Ba na jin akwai ma'aunin da ya fi wannan wuyar murɗewa.

'Yan uwanmu na Nijar nasu lissafin ya fi tsawo. Mahaƙar yuraniyom ta COMINAK a Akokan kusa da Arlit ta rufe ranar 31 ga Maris 2021, ta bar tarin dusar ma'adini kimanin tan miliyan 20, wanda aka tsara rufewa da yumɓu da duwatsu masu kaurin mita biyu. Radiyom da ke ciki sai ya shekara 1,600 kafin rabin ƙarfinsa ya tafi. Dangantaka tsakanin gwamnatin Nijar da kamfanin Orano na Faransa, mai gudanar da mahaƙar, kuwa ta yi tsami tun bayan juyin mulkin 2023. Wace yarjejeniya ce za ta rayu ko da kashi ɗaya cikin goma na wannan lokaci? Wa zai riƙa toshe tsagar da iska da ruwa za su yi wa murfin?

6. Kakuri, Bompai, Sharaɗa da Challawa

Abin da ya ci Doma ba ya barin Awe. Masaƙar KTL ta Kaduna, wadda ta fara aiki a 1957 zamanin Sardauna, ta tsaya a 2002, sauran masaƙun Kakuri suka bi ta ɗaya bayan ɗaya. A Kano, wanda ya zaga Bompai da Sharaɗa zai ga ƙofofi da yawa a garƙame, wasu sun koma rumbunan ajiye kaya, wasu wuraren biki, wasu an yanka su fuloti. Masaƙa takan bar rini, soda, baƙin man tukunyar tururi, man taransifoma da rufin asbestos. Majemar zamani takan bar kuromiyom. Shekara da shekaru ruwan masana'antun Bompai na bin rafin Getsi zuwa Jakara, na Challawa da Sharaɗa na gangarawa kogi, kuma da ruwan nan masu lambu ke ban-ruwan latas da kabejin da ke zuwa kasuwa. Ban da manyan kamfanoni, akwai tsofaffin gidajen mai da tankunansu ke yoyo a ƙarƙashin ƙasa, da garejin kanikawa, da wuraren fasa batir.

Bambancinmu da Landan babba ne ta fuska ɗaya: can ba mai shan ruwan ƙarƙashin gidansa, mu kuwa abu na farko da mai sabon fuloti ke yi shi ne haƙa rijiya ko burtsatse. Hanyar da injiniyan Ingila zai iya cewa a rufe take, a nan a buɗe take. Duk ma'aunin da aka kwafo daga waje ba a gyara wannan ba, zai ba da amsar da ba tamu ba.

Dokoki ba a rasa ba. Bayan sharar gubar da aka jibge daga Italiya a garin Koko a 1988 aka kafa hukumar kare muhalli ta tarayya, a 1992 aka yi dokar tantance tasirin ayyuka ga muhalli, a 2007 aka kafa hukumar NESREA. Dokar filaye ta 1978 kuma ta damƙa filayen birni a hannun gwamna, ma'ana duk wanda zai mayar da filin masana'anta na gidaje sai ya bi ta ofishin gwamnati. A wannan ƙofa ya kamata a tsaya. Mai sayen fuloti yakan nemi takardar mallaka, shaidar mai unguwa da sa hannun dillali, amma ba a saba jin ya nemi takardar gwajin ƙasa da ruwa ba. Jiha na iya cewa ba za a sauya wa filin masana'anta amfani ba sai da wannan takarda, a liƙa sakamakon a fayil ɗin filin yadda zai bi shi duk hannun da ya shiga, a ajiye wani kaso na kuɗin cinikin don gwajin rijiyoyin unguwar na shekaru masu zuwa. Jami'o'inmu na Kano, Zariya da Kaduna suna da ɗakunan binciken da za su iya yawancin wannan gwaji, ɗalibansu ma sun daɗe suna auna ƙarafan da ke cikin waɗannan rafuka, sakamakon na kwance a kundayen digiri.

Ranka ya daɗe shugaban taro, na ga an miƙo mini takarda cewa lokaci ya yi.  Na hango wasu dattawa da aka ce mini tsofaffin ma'aikatan masaƙa da majema ne, zan so a fara ba su abin magana. Mai tambaya ko gyara, bismillah, ya ɗaga hannu.